Burauzar da ke ɓoye a cikin manhaja: Ribarta da haɗarinta ga makarantun Gadarif

Da za ka tambayi mai kwamfuta burauza nawa ce a cikin na'urarsa, zai ce maka ɗaya ko biyu: Chrome, wataƙila da Edge ɗin da ya zo tare da Windows. Amma da za a buɗe cikin kwamfutar a ƙirga, ba mamaki a samu biyar ko shida. Sauran ba su da tambari a fuskar allo, ba su da suna a jerin manhajoji. Suna zaune ne a cikin wasu manhajojin, suna aiki da sunan waɗanda suka goya su.

Wanda ya buɗe Signal ko Spotify ko Teams a kwamfuta, shafin yanar gizo yake kallo ko da bai sani ba. An dai cire wa shafin wurin rubuta adireshi, an sa masa riga irin ta manhaja, shi ke nan.

A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet yake kamar ruwan famfo, wannan batu ne na masu gina manhaja kaɗai. Mu nan Gadarif, a gabashin Sudan, batun ya shafi malamin aji kai tsaye. Wannan dabarar ce ke ba mu damar buɗe wa ɗalibi Wikipedia a ranar da babu shabaka kwata-kwata. Ita ce kuma ke cinye mana data, ta nauyaya tsohuwar kwamfuta, wani lokacin har ta buɗe wa ɓarawo ƙofa. Don haka ya dace mu san ta.

Inji ɗaya, sana'a iri-iri

Duk wanda ya tashi a yankin noma ya san injin Lista. Inji ɗaya ne, amma wani ya ɗaura masa bel yana niƙa dawa, wani ya haɗa shi da famfo yana jan ruwa daga kogi zuwa lambu, wani kuma ya haɗa shi da dainamo yana ba unguwa wuta. Mai niƙa bai ƙera inji ba. Saye ya yi, ya gina sana'arsa a kai.

Haka burauza take. Tana da gangar jiki, wato wurin rubuta adireshi, da maɓallin komawa baya, da jerin shafukan da ka ziyarta. Tana kuma da inji, wanda shi ne ke yin ainihin aikin. Injin yana karanta abubuwa uku: HTML, wanda ke faɗin abin da ke cikin shafi, nan kanun labari, nan hoto, nan jadawali, da CSS, wanda ke faɗin launi da girman rubutu da inda kowane abu zai zauna, sai JavaScript, wanda ke sa shafi ya motsa, ya yi lissafi, ya amsa idan an latsa shi.

Manyan injinan da suka rage a duniya a yau uku ne. Akwai Blink, wanda ke cikin Chromium, kuma a kansa aka gina Chrome da Edge da Opera da Brave. Akwai WebKit na Safari, sai Gecko na Firefox. Duka ukun a buɗe suke, kowa na iya ɗauka ya yi amfani da su kyauta.

To me ya sa mai gina manhaja zai ɗauki injin burauza ya saka a cikin aikinsa? Sauƙi. Idan zai rubuta manhaja ta Windows daban, ta Mac daban, ta Linux daban, aiki uku ke nan. Idan ya rubuta ta kamar shafin yanar gizo ya haɗa ta da inji, aiki ɗaya ya wadatar. Ga shi kuma waɗanda suka iya gina shafi sun fi yawa, sun fi sauƙin samu.

Daga ina abin ya faro?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1996, lokacin da Microsoft ya fitar da Internet Explorer na 3, ya ba sauran manhajojin Windows damar kiran injinsa su nuna shafi a cikin tagarsu. Fayilolin taimako na Windows, waɗanda ke buɗewa idan an latsa F1 a tsofaffin manhajoji, da wannan injin suke aiki.

A 2008 Google ya fitar da Chrome, ya kuma saki tushensa, Chromium, ga kowa. Ba da jimawa ba wani mai gina manhaja, Marshall Greenblatt, ya ƙirƙiro CEF, wata hanya ta dasa Chromium a cikin kowace manhaja. Da ita Spotify da Steam ke aiki a kwamfuta. A 2013 wani injiniya a kamfanin GitHub, Cheng Zhao, ya fara aikin da aka raɗa wa suna Electron a 2015. A kansa aka gina Signal da Slack da Discord na kwamfuta, da Visual Studio Code da ɗaliban kwamfuta ke rubuta shirye-shirye da ita. A 2020 kuma Microsoft ya kawo WebView2, wanda ke ba manhajoji aron injin Edge.

Janaretanka ko wutar maja

Waɗannan hanyoyi sun kasu gida biyu, kuma bambancinsu shi ne ƙashin bayan wannan magana.

Hanya ta farko, kowace manhaja ta zo da nata injin. Haka Electron da CEF suke. Kamar a kasuwa ne kowane mai shago ya sayi janaretansa. Ba ruwansa da kowa, ko na maƙwabci ya lalace nasa na aiki. Amma shi zai sayi mai, shi zai yi juye, ga ƙara ga hayaƙi. Shi ya sa ƙaramar manhajar da ba ta wuce aika saƙo ba sai ka ga nauyinta ya kai megabait 100 ko fiye. Mafi yawan nauyin na injin ne.

Hanya ta biyu, manhaja ta ja layi daga injin da ke cikin kwamfutar, irin abin da 'yan'uwanmu na kasuwannin Kano ke kira wutar maja. Haka WebView2 yake: yana zuwa tare da Windows 11, an kuma tura shi ga mafi yawan kwamfutoci masu Windows 10. Manhajar da ta bi wannan hanya ba ta da nauyin saukewa, kuma idan aka gyara injin sau ɗaya, duk masu jan layi sun amfana. Matsalar ita ce idan babu majar a unguwa, ko ta tsufa, shagonka duhu.

Manyan kamfanoni ma suna kai-kawo tsakanin hanyoyin. Microsoft ya raba Teams da Electron ya mayar da shi kan WebView2 a 2023. A 2025 kamfanin Meta ya fara mayar da WhatsApp na Windows kan WebView2 ɗin shi ma.

Ranar da shabaka ta ɗauke

Yanzu mu dawo gida. Ɗaukewar intanet ba baƙon abu ba ne a Sudan. A watan Yunin 2019 an rufe shi fiye da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake rufe shi fiye da mako uku. An sha katse shi na wasu sa'o'i a ranakun jarrabawar shahadar sakandare don hana satar amsa. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sai ga babbar ɗaukewa a watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka yi shiru, kafin daga baya su riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Wuta ma ba ta tsira ba: a watan Janairun 2025 harin jirgi marar matuƙi a tashar lantarki ta Shuwak ya jefa Gadarif da Kasala cikin duhu.

Makarantu sun daɗe a rufe. Da yawa sun zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Madani bayan Disambar 2023, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahada a 2023 sai ranar 28 ga Disambar 2024 suka fara ta. Wasu sun baro littattafansu a gidajen da suka gudu suka bari. Yaro ya zo aji ba littafi, malami ba ɗakin karatu, waya ba shabaka.

A irin wannan hali ne manhaja irin Kiwix ke nuna amfaninta. Mutum biyu suka fara ta a 2007, Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin, kuma shi na biyun ya yi shekaru yana aiki a Bamako ta ƙasar Mali, ya san abin da ake nufi da tsadar intanet. Tunaninsu mai sauƙi ne: a tattara shafukan Wikipedia gaba ɗaya, a matse su cikin fayil ɗaya da ake kira ZIM, mutum ya ɗauka a filash ya tafi da shi inda babu shabaka.

Amma shafukan Wikipedia da HTML aka rubuta su, dole sai da injin burauza za su karantu. Sai suka dasa inji a cikin manhajar. Da farko sun yi amfani da na Mozilla, masu Firefox, daga baya suka koma kan Qt WebEngine, wanda shi ma Chromium ne a ciki. Idan ɗalibi ya latsa wata kalma mai shuɗin launi, injin zai nemi shafin kamar yadda ya saba, sai manhajar ta tare buƙatar, ta zaro shafin daga fayil ɗin da ke cikin kwamfutar ta miƙa masa. Injin bai ma san babu intanet ba.

Akwai fayil ɗin Wikipedia ta Larabci, wadda ke da maƙaloli fiye da miliyan ɗaya, akwai ta Hausa, akwai ta Turanci wadda cikakkiyarta mai hotuna ta kai kimanin gigabait 100. Ana kuma samun nau'in da babu hotuna, da nau'in da ke ɗauke da gabatarwar kowace maƙala kawai, don masu ƙaramin filash. Tun a 2012 shirin Afripedia ya riƙa kai Kiwix jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, don haka abin an gwada shi a ƙasashe irin namu.

Ga malamin kimiyya, abin da ya fi Wikipedia daɗi shi ne gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks, ya assasa a 2002. An fassara su da Larabci, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Yaro zai ja batir da waya da ƙwan fitila a kan allo, ya haɗa su, ya ga fitila ta kama. Ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru. Ya yanke waya ya ga ta mutu. A makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha ganin ɗalibin da ya haddace dokar Ohm ba tare da ya gane ta ba, sai da ya yi wasa da wannan gwajin na minti goma sannan ka ji ya ce, "Au, ashe haka ne!" Hoto ko fayil ɗin PDF ba zai yi wannan ba. Sai da JavaScript, shi kuma sai da injin burauza.

Kiwix na kwamfuta yana kuma iya raba abin da ke cikinsa. Ka haɗa kwamfutar da rauta, ko da babu layi a cikinta, ɗalibai su shiga ta Wi-Fi da wayoyinsu, kowa ya karanta abin da yake so. Ba a ci data ko ta sisi ba.

Larabci, boko da ajami a shafi ɗaya

Akwai wata riba da ta shafe mu musamman. Bahaushen Sudan da Larabci yake karatu a makaranta, da Hausa yake magana a gida, ga ajami da muka gada daga iyaye, ga boko da muke karanta labaran Najeriya da Nijar da shi. Manhajar da za ta yi mana aiki dole ta iya rubutu daga dama zuwa hagu da kuma daga hagu zuwa dama, wani lokacin a layi ɗaya. Dole ta iya haɗa baƙaƙen Larabci, ta ɗora wasali a inda ya dace, ta kuma nuna ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ta mayar da su akwati ba.

Wannan aiki ne mai wuya ga wanda zai gina manhaja daga tushe. Injinan burauza kuwa sun daɗe da warware shi. Chromium da Firefox duka suna amfani da wani sashe da ake kira HarfBuzz wajen tsara haɗuwar baƙaƙe. Wanda ya dasa injin, ya samu wannan a kyauta.

Sai dai a nan ma shekarun inji na da tasiri. Fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, waɗanda almajiran ƙasar Hausa suka saba da su, sai a 2016 aka ba su lambobinsu na kansu a tsarin Unicode. Injin da ya girmi wannan shekara bai san yadda zai haɗa su da maƙwabtansu ba, ko da an sa masa salon rubutun da ke ɗauke da su.

Injin da ba a yi wa juye

Nan ne haɗarin yake. Burauza ita ce manhajar da masu kutse suka fi nema, domin ita ke karɓar abubuwa daga waje: hoto, bidiyo, rubutu, shiri. Shi ya sa Google ke fitar da sabon Chrome akai-akai, ban da ƙananan gyare-gyaren da ke zuwa tsakani. Chrome ɗinka na sabunta kansa idan ya samu intanet. Amma injin da ke cikin wata manhaja ba ya sabuntuwa sai mai manhajar ya sake gina ta, kai kuma ka sake saukewa. Idan mai manhajar ya watsar da ita, injin ya tsaya a inda yake har abada.

A watan Satumbar 2023 an ga misali. Masu bincike na Apple da na cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto suka gano ɓaraka a sashen da ke buɗe hotuna nau'in WebP. Hoto ɗaya da aka shirya da mugun nufi ya isa a kutsa cikin na'ura, kuma an tabbatar an riga an fara amfani da ɓarakar. Chrome da Firefox da Edge suka yi gyara cikin 'yan kwanaki. Amma kowace manhaja mai ɗauke da nata Chromium sai da ta fitar da nata gyaran daban. Masu kula, irin su Signal, sun yi da wuri. Wasu sun ɗauki lokaci. Waɗanda aka daina kula da su, har yau ɓarakar na nan a cikinsu.

Kafin wannan, a Satumbar 2021, an kama masu kutse suna aika fayil ɗin Word wanda idan an buɗe shi yake kiran tsohon injin Internet Explorer da ke kwance a cikin Windows, ya sauko da mugun shiri. Mutum bai buɗe burauza ba, takarda kawai ya buɗe. Microsoft ya yi ritayar Internet Explorer ranar 15 ga Yunin 2022, amma injinsa na nan a cikin Windows saboda tsofaffin manhajojin da suka dogara da shi. Ka tuna yadda mu malamai ke musayar fayilolin Word na jarrabawa da jadawali, daga filash zuwa filash.

Mu a Sudan muna da ƙarin matsala ta tarihi. Takunkumin tattalin arzikin da Amurka ta sa wa ƙasar daga 1997 zuwa 2017 ya sa kamfanoni da yawa sun toshe wa masu adireshin Sudan hanyar sauke manhaja da sabunta ta. Sai aka saba da zuwa wurin mai gyara ya ɗora maka komai daga filash ɗinsa, ya kuma kashe sabuntawa don kada kwafin ya lalace. Takunkumin ya tafi, al'adar ta zauna. Har yanzu kwamfutoci da yawa a ofisoshin makarantu da shagunan buga takardu Windows 7 ke kansu. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020. Chrome na 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa kanta, haka ma WebView2. Electron ya tsaya mata a na 22. Ma'ana, duk injin burauzar da ke kan irin wannan kwamfuta, na fili da na ɓoye, ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kodayake Microsoft ya ce zai ci gaba da sabunta Edge da WebView2 a kanta har zuwa 2028.

Tagar da ba ta da adireshi

Haɗari na biyu ya shafi aljihu. A burauza ta gaskiya, kana ganin adireshin shafin da kake ciki a sama. Idan an ce shafin banki ne, za ka iya dubawa. A burauzar da aka dasa, mai manhajar ne ke zaɓar ko ya nuna maka adireshi ko ya ɓoye. Yana kuma iya ganin duk abin da ka rubuta a cikin tagar, har da kalmar sirri, domin tagar tasa ce.

Wannan ne ya sa Google ya hana shiga asusunsa ta irin waɗannan tagogi. Ya fara sanar da haka a 2016, ya ƙara tsananta dokar a 2021. Idan manhajar kirki na buƙatar ka shiga asusunka, sai ta tura ka burauzarka ta ainihi, ka shiga a can, sannan ka dawo.

Mu duba halin da muke ciki. Tun da yaƙi ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, sannan aka canza takardun fam 500 da 1,000 a watan Disambar 2024 aka ce kowa ya zuba nasa a banki, ciniki ya koma waya. Daga mai shayi har dillalin riɗi a kasuwar amfanin gona, kowa da Bankak ko makamancinsa. Kuɗin manomi na shekara guda yana bayan lambar sirri ɗaya. Wanda ya iya ƙera shafin da ya yi kama da na banki, ya dasa shi cikin wata 'yar manhaja marar adireshi, ya ce ai wannan ce ta kwamfuta, ya gama da mutum. Kura ce da fatar akuya. A waya ma haka ne: mahaɗin da ka latsa a cikin Facebook, a cikin tagar Facebook yake buɗewa, sai dai in ka zaɓi a kai ka burauza.

Nauyi a kan tsohuwar kwamfuta

Na uku shi ne nauyi. Chromium ba ya aiki da shiri ɗaya, yana rarraba kansa gida-gida, kowane gida da kasonsa na ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM. Idan ka buɗe manhaja uku masu nasu injin, ga Chrome na huɗu, kamar ka tayar da janareta huɗu ne a ɗaki ɗaya. Kwamfutar da ke da gigabait 4 sai ta fara nishi, fanka na juyawa, batir na zuba. Ga wanda ke caji da sola ko yake jiran a kawo wuta, kowane minti na batir kuɗi ne. Sabuntawa ma haka: kowace manhaja na iya jan megabait masu yawa, a kan layin da aka saya da ƙyar.

Yadda za ka gane ta

Ba sai ka zama injiniya ba. Ka latsa Ctrl da Shift da Esc tare, jerin shirye-shiryen da ke aiki zai fito. Idan ka ga msedgewebview2.exe, wata manhaja na jan layi daga injin Edge. Idan ka ga QtWebEngineProcess.exe, Chromium ne a cikin rigar Qt. Ka kuma leƙa foldar da aka ɗora manhajar: fayil mai suna libcef.dll alamar CEF ce, app.asar alamar Electron ce, chrome_100_percent.pak kuma na nuna akwai Chromium a ciki ko ta wace hanya.

Abin da malami zai yi

Na farko, a raba aiki. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ba abin yarwa ba ce, da babu gara ba daɗi. A ɗora mata Kiwix da PhET da littattafai, a mayar da ita ɗakin karatu, amma kada a haɗa ta da intanet, kada kuma a yi harkar kuɗi ko imel a kanta. Masu Kiwix sun tanadi nau'in da ke hawa tsofaffin kwamfutoci. Tsohon inji da ke karanta fayil ɗin da aka sauke daga tushe mai aminci haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ke yawo a intanet shi ne abin tsoro.

Na biyu, idan an samu shabaka mai ƙarfi, mutum ɗaya ya sauke fayilolin daga shafin masu su, sauran makarantu su kwafa. Ba sai kowa ya ƙona datarsa a kan abu ɗaya ba. A fara da ƙananan fayiloli: ta Hausa, ta Larabci marar hotuna, da gwaje-gwajen kimiyya.

Na uku, kada ka rubuta kalmar sirri ta banki ko ta imel a tagar da ba ka ganin adireshinta. Manhajar banki kuma daga rumbun manhajoji na hukuma ake sauke ta, ba daga filash ɗin wani ko mahaɗin da aka turo a zaure ba.

Na huɗu, abin da ke da shafin yanar gizo, kamar WhatsApp ko Teams, buɗe shi a burauza ɗaya da kake sabuntawa ya fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta a kan ɗora manhajar kowanne. Manhajar da ka daina amfani da ita, cire ta.

Ga matasanmu masu gina manhaja

Akwai matasa a Gadarif da Kasala, kamar yadda ake da su a Kano da Zariya da Maraɗi, da ke gina wa makarantu manhajar fitar da sakamako, ko ta lissafin buhuna ga 'yan kasuwa. Dasa burauza hanya ce mai kyau gare su, musamman saboda Larabci. Amma kafin a zaɓi hanya, a je a ga kwamfutar da za ta ɗauki aikin. Idan Windows 10 ce ko 11, jan layi daga WebView2 ya fi sauƙi, kuma Microsoft na da fayil ɗin ɗora shi wanda ba ya buƙatar intanet, sai a sa a filash a tafi da shi. Idan kwamfutocin iri-iri ne, Electron zai yi, da sharaɗin za a riƙa sake ginawa. Masu Electron sabbin fitowa uku na ƙarshe kawai suke yi wa gyara.

A kulle tagar ta yadda ba za ta buɗe komai ba sai shafukan manhajar. Duk mahaɗin waje a tura shi burauzar ainihi. A kuma ajiye bayanan ɗalibai a fayil ɗin da wata manhaja za ta iya karantawa, domin inji na mutuwa. Waɗanda suka sayi faya-fayen darussa da aka gina da Flash sun ga haka bayan Adobe ya rufe shi a ƙarshen 2020.

Shugaban makarantar da zai biya kuɗin irin wannan manhaja, tambaya uku ta ishe shi: Tana aiki idan babu shabaka? Wane inji ne a cikinta? Wa zai sabunta shi baɗi, kuma nawa ne? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sayar wa makaranta manhaja mai inji a ciki, juyen injin na wuyansa, kuma gara a rubuta hakan a takarda tun kafin kuɗi su fita.